Wemby, Santan da Ya Rikita Ma'aunin Diraf

Duk wanda ya hana idonsa barci a daren 22 ga Yunin 2023 don kallon diraf ɗin NBA ya san babu wani abin ba-zata a zaɓi na ɗaya. A agogonmu na nan ƙarfe ɗaya na dare ta gota lokacin da kwamishinan NBA Adam Silver ya fito dandamalin Barclays Center da ke Brooklyn, ya kira sunan da kowa ya haddace tun watanni takwas baya. Victor Wembanyama, wato Wemby, ya miƙe daga kujera, ya yi ta miƙewa, ya yi ta miƙewa, har kwamishinan, wanda shi ma dogo ne a cikin mutane, sai da ya ɗaga haɓa kafin su haɗa ido. San Antonio Spurs ta ɗauki santa ɗan shekara 19, mai tsawon mita 2.24, mai faɗin hannaye kusan mita 2.44, siriri, natsattse, mai sanyin magana da zafin wasa. Ni kam a kan yaron nan ba ni da sauran adalci. Ku sani tun yanzu.

Amma ku da kuka daɗe kuna bin harkar nan kun san ba a saurin guɗa don kulob ya ɗauki dogo da lamba ɗaya ko biyu. Zaɓen santa shi ne inda manajojin NBA suka fi shan kunya. A 1984 Portland ta ɗauki Sam Bowie a lamba biyu, Michael Jordan ya faɗa hannun Chicago a lamba uku. A 1998 Clippers ta buɗe diraf da Michael Olowokandi, haifaffen Legas, alhali ga Vince Carter, ga Dirk Nowitzki, ga Paul Pierce suna jira. A 2003 Detroit ta tsallake Carmelo Anthony da Chris Bosh da Dwyane Wade ta ɗauki Darko Milicic. A 2007 Portland ɗin dai ta sake, ta zaɓi Greg Oden ta bar Kevin Durant, Oden kuwa duk rayuwarsa ta NBA wasa 105 ce, gwiwa ta cinye sauran. A 2009 Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet na Tanzaniya a lamba biyu, James Harden da Stephen Curry suka tafi wasu gidajen. Phoenix ta fifita Deandre Ayton a kan Luka Doncic a 2018. Golden State ta zuba lamba biyu a kan James Wiseman a 2020, yaron da wasa uku kacal ya buga a jami'a. Hujjar kullum ɗaya ce: koci na iya gyara wa yaro jifa, amma babu kocin da zai ƙara masa ko ɗan yatsa a tsayi. Gaskiya ne. Sai dai gaskiyar nan ta kori manajoji da yawa daga aiki.

In aka sa mini bidiyon dogon yaro aka ce malam duba mana wannan, ni ƙasa nake fara kallo. Ƙafa. Wannan darasin kuwa ɗan gida ne ya koyar da duniya shi. Hakeem Olajuwon ya tashi a Legas yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa, yana buga ƙwallon hannu, bai taɓa ƙwallon kwando da gaske ba sai da ya kai wajen shekara 15, kuma gasar da aka fara jefa shi cikinta bikin wasannin kwalejojin horon malamai ce da aka yi a Sakkwato. Ee, Sakkwaton da kuka sani. Houston ta ɗauke shi da lamba ɗaya a wancan diraf ɗin na 1984, gaban Jordan, kuma har yau ban ji mai hankalin da ya zarge ta ba. Kofi biyu a jere, 1994 da 1995. A 1994 shi ne gwarzon kaka, shi ne gwarzon tsaro, shi ne gwarzon fainal, duk a shekara ɗaya. Bulok 3,830, adadin da babu wanda ya kamo har yanzu. Kuma bai fi sa'o'insa tsawo ba. Abin da ya fi su shi ne yadda zai juya hagu da kafaɗa, ƙafarsa na nufin dama, ya tsaya cak, ya sake juyawa, mai tsaronsa na sama yana tare iska. Ku nemo abin da ya yi wa David Robinson a 1995, shekarar da Robinson ɗin ke riƙe da kambin gwarzon kaka. Abin tausayi.

A zamanin Hakeem ƙafa ta kai hari ce. Yau ta zama ta tsira. Kowane kulob yanzu abincinsa fik-an-rol: wani ya tare wa mai ƙwallo mai tsaronsa, santan abokan hamayya ya tsinci kansa a fili, nesa da kwando, gaban ƙaramin gad mai gudun tsiya da ke iya jifa daga mita takwas. In ya ja baya ya tsare fenti, a jefa masa tiri a fuska. In ya fito, a wuce shi. In aka yi suwic ya karɓi gad ɗin gaba da gaba, to ranar ce za a san ko ƙugunsa na juyawa. Jahlil Okafor ya ci kofin jami'o'i da Duke a 2015, yana da wasan bayan kwando mai daɗin kallo, tafin hannunsa na riƙe ƙwallo da hannu ɗaya ba wahala, Philadelphia ta ɗauke shi a lamba uku. Da shekara ashirin baya aka haife shi, da ya yi suna. Amma duk daren Allah sai a jawo shi fili a yi ta zagaye shi, cikin 'yan shekaru ya koma benci.

To ku zo mu kalli ƙafar Wemby. Kafin wasa za ka gan shi a gefen fili ba takalmi, ba safa, yana rarrafe a kan hannu da ƙafa, yana tafiya a kan dunduniya, yana damƙe ƙasa da 'yan yatsun ƙafa yana saki, a hankali, fuska ba wasa, mai horar da jikinsa na tsaye a kansa. Ba jiya ya fara ba. Mahaifinsa, mai asali da Kongo, ɗan wasan tsalle-tsalle ne, mahaifiyarsa tsohuwar 'yar ƙwallon kwando ce kuma koci, shi kansa da yarinta ya yi judo, ya kuma tsare raga a ƙwallon ƙafa, kamar dai Hakeem. Kulob ɗin Nanterre da ya rene shi a gefen birnin Faris bai yi masa abin da ake yi wa dogayen yara ba, wato a dasa su ƙarƙashin kwando a ce ɗaga hannu kawai. Sun bar shi ya riƙe ƙwallo, ya yi diribul, ya yi jifa daga nesa, ya yi kuskure. Sakamakon shi ne mutum mai mita 2.24 da ke durƙusawa ƙasa-ƙasa a gaban gad, yana zamewa gefe da taku gajeru masu sauri, in an wuce shi ya juya ƙugu sau ɗaya, taku biyu, ya riski ƙwallon a jikin allo. Gad na ganin ya tsira, har ya fara tunanin murnar da zai yi. Ina!

Ranar da duniya ta yarda ita ce 4 ga Oktoban 2022 a garin Henderson, kusa da Las Vegas. Kulob ɗinsa na lokacin, Metropolitans 92, ya je wasan sada zumunta da G League Ignite ta Scoot Henderson, zauren cike da sikawut-sikawut da manajoji, kowa da littafinsa. Yaron ya zuba maki 37, tiri bakwai, bulok biyar. Kuma ba irin tirin da ake tsayawa a lungu a jira fasin ba: yana zuwa da gudu ya tsaya ya harba, yana ja da baya ya harba, yana faɗuwa gefe ya harba, ƙwallon na barin hannunsa daga wani tsayin da babu mai kai hannu. Bayan kwana biyu ya ƙara da maki 36 da ribaun 11. LeBron James da kansa ya ce wannan ai baƙon halitta ne daga wata duniya. Daga nan aka shiga ba shi shawarar ya ajiye takalmi ya jira Yuni, tunda lamba ɗaya ta riga ta zama tasa, kada ya je ya ji rauni a banza. Ya ƙi. Ya koma Faransa ya buga kakar har ƙarshenta ƙarƙashin koci Vincent Collet, ya fi kowa maki a gasar, ya fi kowa ribaun, ya fi kowa bulok, ya karɓi kambin gwarzo, ya kai kulob ɗin da babu wanda ya sa wa rai har fainal, inda Monaco ta doke su. Ni wannan ƙin zaman ma yana cikin awo. Yaron da ke da dalilin hutu na miliyoyin daloli amma ya zaɓi ya ci gaba da gwabzawa da manyan maza masu iyali, ya gaya maka wani abu game da zuciyarsa wanda tef ɗin awo ba ya nunawa.

Akwai wasa guda a watan Afrilun 2023, da Monaco ɗin nan, da ba na gajiya da maimaita shi. Yana wajen layin tiri, ya yi diribul tsakanin ƙafafu, ya ja baya, ya harba. Tun ƙwallon na sama ya gane ba za ta shiga ba. Sauran 'yan wasa tara na tsaye suna kallon sama, shi kuwa ya riga ya taso. Ƙwallon ta daki ƙarfe ta yi tsalle, sai ga hannu guda ya fito daga bayan taron, ya cafke ta a iska, ya danna ta cikin kwando. Mutum ya jefa tiri, ya bi abinsa, ya yi dank da shi kafin ya taɓa ƙasa. Ku tsaya ku lissafa abin da ke cikin daƙiƙa ukun nan: hannun gad, idon da ya karanta inda ƙwallo za ta faɗo, ƙafar da ta cinye mita bakwai a taku kaɗan, da rashin kunyar gwadawa. Wallahi 'yan bencin Monaco ma ban ga laifinsu ba in sun yi tafi a zuci.

Batun tsaron kwando kuwa, nan ne alƙaluma suka fi yaudarar mutane. Thabeet yana yin bulok sama da huɗu a kowane wasa a jami'ar Connecticut. Mo Bamba ya zo diraf ɗin 2018 da faɗin hannaye mita 2.39, Orlando ta ɗauke shi a lamba shida, ana ta zuzuta shi. Dogon hannu na da amfani, amma tambayoyin da ya kamata a yi daban ne. Yana tsalle da an yi masa ƙaryar jifa, ko yana jira? Yana tara fawul har a zaunar da shi tun kwata ta biyu? In ya tare, ƙwallon waje take fita ta koma hannun abokan hamayya, ko yana tura ta wajen nasa? In ya bar mutuminsa ya je taimako, yana iya dawowa? Rudy Gobert, wani Bafaranshen, sai a lamba 27 aka ɗauke shi a 2013, ya zo ya ci kambin gwarzon tsaro sau huɗu, saboda amsoshinsa ga tambayoyin nan masu kyau ne.

Wemby kuwa sau da yawa ko tsalle ba ya yi. Yana tsaye, ya miƙa hannu ya tsinke ƙwallo daga sama kamar mai tsinkar mangwaro a reshen ƙasa, ya riƙe abarsa, ya fara gudu da ita. A kakarsa ta farko ya fi kowa bulok a NBA, 3.6 a kowane wasa. Ranar 12 ga Fabrairun 2024 a Toronto ya yi maki 27, ribaun 14, bulok 10. Amma abin da ya fi burge ni ba ya shiga takardar alƙaluma. Ku lura da ɗan wasan da ya samu hanya fetal zuwa kwando, ya shigo fenti da ƙarfinsa, ya ɗaga kai ya ga wanda ke jiransa, sai kawai ya yi kwana ya fice da ƙwallonsa ta ɗaya gefen, kamar ya tuna ya bar wani abu a waje. Manyan mutane, masu albashin miliyoyi! Shi ne sabon shiga na farko a tarihin gasar da aka sa a sahun farko na gwanayen tsaro, kuma a zaɓen gwarzon tsaro na shekarar Gobert kaɗai ya sha gabansa.

Masu ƙorafi kafin diraf sun riƙe abu guda: a kakarsa ta ƙarshe a Faransa tirinsa bai kai kashi 30 cikin ɗari ba. Haka ne. Sai dai duk wanda ya san awon dogaye ya san ba nan ake dubawa ba, layin jifan kyauta ake dubawa, inda babu mai tsaro, babu gaggawa, daga kai sai taushin hannunka. A nan yana sama da kashi 80. Brook Lopez ya shafe kaka takwas a NBA tiri uku kacal ya ci, amma hannunsa a layin kyauta mai kyau ne tun asali, da aka sake masa mara a kaka ta tara sai ga tiri 134. Wemby ma a kakarsa ta biyu ya haura kashi 35, yana harba kusan tara a kowane dare. Ranar 13 ga Nuwamban 2024 ya zuba wa Washington maki 50. A nan ne ma nake da ɗan gunaguni: wani lokacin yana son tirin nan fiye da kima. Ɗan'uwa, wanda ke tsaronka bai kai kafaɗarka ba, kwando na can yana kiranka, me ya kai ka harbi daga tambarin tsakiyar fili saura daƙiƙa 18 a agogo? Amma in ta shiga ni ne na farkon ihu, don haka a bar maganar.

Sai ido, wanda shi ne mafi wuyar aunawa, kuma diraf ɗin 2014 ya ishi kowa misali. A lamba uku Philadelphia ta ɗauki Joel Embiid, ɗan Yawunde da ya taso yana wasan ƙwallon raga, wanda Luc Mbah a Moute ya hango a wani sansanin horo a Kamaru, wanda kuma ya koyi taku daga kallon bidiyon Hakeem. Kwanaki kaɗan kafin diraf aka gano karaya a ƙashin ƙafarsa, ya zauna kaka biyu cur bai buga ba, ya dawo ya zama gwarzon kaka a 2023. A lamba 41 kuwa, can zagaye na biyu, lokacin da tashar da ke nuna diraf ɗin ta tafi tallar Taco Bell, sunan wani ɗan Sabiya mai jiki ya wuce a rubuce a ƙasan allo. Nikola Jokic. Ba ya tsalle, ba ya gudu, jikinsa bai yi kama da na ɗan wasa ba. Gwarzon kaka sau uku, 2021 da 2022 da 2024, ga kofin 2023 da ya kai Denver. An kira suna arba'in kafin nasa, saboda ana auna tsalle da gudu, shi kuwa abin da yake da shi shi ne yana ganin fasin tun kafin wanda za a ba ya san zai buɗe. Alperen Sengun ma haka, ya zama gwarzon gasar Turkiyya yana ɗan shekara 18, aka bar shi har lamba 16 a 2021. Wallahi wani lokacin sai ka rasa me sikawut ɗin nan ke kallo.

Gwajin da nake yi wa santa a nan mai sauƙi ne. In aka tare gad da mutum biyu, aka jefo wa santa ƙwallo a tsakiyar fili wajen layin kyauta, su huɗu abokan hamayya uku, me yake yi a rabin daƙiƙar farko? Akwai mai daskarewa. Akwai mai rufe ido ya afka wa kwando. Akwai kuma wanda kafin ƙwallon ta iso hannunsa ya riga ya san lungun da babu kowa. Wemby bai kai Jokic ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar ya kai ba, amma yana cikin kashi na ukun nan, har da ƙarin rigima: fasin ta bayan kai, fasin ta bayan mai tsaro da hannun nan da ke zagaye mutum, fasin da abokin wasansa ma bai shirya karɓa ba. Shi ya sa yake zubar da ƙwallo da yawa, sama da uku a kowane wasa a shekarar farko. Na yafe. Ranar 23 ga Fabrairun 2024, gaban LeBron a Los Angeles, ya tashi da maki 27, ribaun 10, asis 8, ƙwace 5, bulok 5, mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa haɗa biyar-biyar a duka ɓangarori biyar ɗin.

Tsoron da ya rage shi ne jiki, kuma ba tsoron banza ba ne. Ralph Sampson mai irin tsawonsa, zaɓi na ɗaya a 1983, gwiwa ta gama da shi da wuri. Yao Ming ya yi ritaya a 2011 saboda ƙashin ƙafa. Chet Holmgren, siririn da Oklahoma ta ɗauka a lamba biyu a 2022, ya rasa kakarsa ta farko gaba ɗaya. Mutane suka ce Wemby mai nauyin kilo 95 ɗin nan, ranar da ya haɗu da ƙato irin Embiid ai sai a kwashe shi a tsumma. Mutanensa suka ƙi ɗura masa nauyi da gaggawa, suka ce ƙarfi za a gina a hankali, ƙafa da ƙugu da baya tukuna. Ya buga wasa 71 cikin 82 a shekarar farko, ya tashi da maki 21.4 da ribaun 10.6, aka ba shi gwarzon sababbin shiga ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce ba. Abin da ya tsayar da shi a Fabrairun 2025 gudan jini ne da aka gano a jijiyar kafaɗarsa ta dama, abin da babu sikawut ɗin da zai hango a bidiyo. Ya tsaya a wasa 46, yana kan gaba a bulok nesa ba kusa ba, sai dokar nan ta sai ka buga wasa 65 kafin a ba ka kambi ta fitar da shi daga takarar gwarzon tsaro. Doka ce, na sani. Haushinta dai bai sake ni ba.

Tunda an zo gunaguni, bari in sauke wanda ya fi ci mini rai. Spurs gida ne mai daraja, gidan David Robinson na 1987 da Tim Duncan na 1997, kuma kocinsu na lokacin, Gregg Popovich, ba sa'an gardamata ba ne. Amma watannin farkon nan na kakar 2023, an sa Wemby a fowad, an ba Zach Collins santa, an ɗora wa Jeremy Sochan riƙon ƙwallo alhali ba aikinsa ba ne, aka jera rashin nasara 18. Kana kallo yaro ya gangaro kwando, hannu a sama, babu kowa kusa da shi, abin da ake buƙata kawai a ɗaga ƙwallo sama ko'ina a unguwar allo, sai ka ga an yi diribul an juya baya. Sau nawa na yi wa talabijin tsawa da tsakar dare, maƙwabta su yi haƙuri. Da aka mai da Wemby santa a Disamba, aka kuma dawo da Tre Jones cikin 'yan farko, sai wasan ya buɗe. A ƙarshen Maris ya yi wa New York maki 40 da ribaun 20 a daren da Jalen Brunson ya ci 61 kuma ya tafi gida da rashin nasara.

Kada son Wemby ya sa mu manta da ɗayan santan na 2023, don shi ma darasi ne. Dereck Lively ya gama shekararsa a Duke da maki biyar da 'yan kai a kowane wasa. Biyar! Wanda ke karanta takarda kawai zai wuce shi. Dallas ta karɓe shi a lamba 12 don ta ga abubuwa uku: yana gudu daga kwando zuwa kwando ba gajiya, yana cafke duk abin da aka jefo sama, yana magana a tsaro yana nuna wa na gabansa inda haɗari ke tafe. Aka haɗa shi da Doncic, shekarar farko sai ga shi a fainal ɗin NBA yana buga mintuna masu nauyi. Irin wannan santan ba ya buƙatar ƙwallo a hannu, ba ya cin albashin tauraro, kuma ana samunsa a tsakiyar zagayen farko. Shi ya sa ni a ganina, in dogo ba zai iya zama ginshiƙin hari ko ginshiƙin tsaro na kulob gaba ɗaya ba, ɓarna ce a kashe masa lamba ɗaya ko biyu. Bam Adebayo ma a lamba 14 Miami ta tsince shi a 2017.

Wemby kuwa ginshiƙi biyu ne a jiki ɗaya, ga kuma zuciya. A fainal ɗin Olamfik na Faris a 2024 ya ci wa Faransa maki 26 a gaban LeBron da Durant da Curry, Amurka ta yi nasara 98 da 87 bayan Curry ya yi ruwan tiri a mintunan ƙarshe, yaron ya tsaya a fili yana hawaye da azurfa a gabansa. Ɗan shekara 20 da ya ɗauki azurfar Olamfik a matsayin rashi. Da ya warke daga ciwon kafaɗa a 2025, cikin wuraren da ya nufa har da wajen Hakeem a Texas, ya je koyon taku. Hoton su biyun nan tsaye a fili ɗaya, dattijon Legas da saurayin Faris, na daɗe ina kallonsa.

Illar da ya jawo ita ce yanzu duk siririn dogon da ya jefa tiri biyu a bidiyo sai a ce ga sabon Wemby. A 2024 Washington ta ɗauki Alex Sarr a lamba biyu da irin wannan fata, Portland ta ɗauki Donovan Clingan mai kofin jami'o'i biyu a lamba bakwai, Memphis ta ɗauki Zach Edey, ƙaton Purdue da ya zama gwarzon jami'o'i sau biyu, a lamba tara, aka yi ta musu a kan ko ƙafarsa za ta ɗauke shi a fili. Ni a ajin nan idona na kan Yves Missi da ya taso a Yawunde, wanda New Orleans ta samu a lamba 21, da Adem Bona, haifaffen Najeriya mai buga wa Turkiyya, da Philadelphia ta ɗauka a lamba 41, lambar Jokic, in kuna son camfi.

Wanda ya fi shiga raina a bayan nan shi ne Khaman Maluach na 2025. An haife shi a Rumbek ta Sudan ta Kudu, ya girma a Kampala, bai fara ƙwallon kwando ba sai wajen shekara 13, ya wuce makarantar NBA ta Afirka da ke Saly a Senegal, ya buga gasar BAL ta kulob-kulob ɗin Afirka da manya, ya je Olamfik da ƙasarsa yana ɗan shekara 17, ya yi shekara guda a Duke, aka kira sunansa a lamba goma ya tafi Phoenix cikin cinikin da ta rabu da Durant. Ɗanye ne, ƙwallo kan kuɓuce masa, ƙananan gad kan ruɗe shi. Amma ku kalli yadda yake zamewa gefe in an jawo shi fili, ku kalli taushin hannunsa a layin kyauta, sama da kashi 70 ga mutum mai kusan mita 2.18 da ya fara wasa jiya-jiya. Kada kowa ya ɗora masa sunan Wemby, nauyin ya yi masa yawa. A ba shi shekara uku, a bar shi ya yi kuskurensa a fili maimakon benci, kuma don Allah, Phoenix, ku nemo masa gad da ya iya ɗaga ƙwallo sama.